TAKARDUN ƘETARE IYAKA: ABIN DA YA KAMATA ƊAN CIN RANIN ADAR YA SANI

Kowace shekara, da zarar an gama girbi an zuba dammunan hatsi cikin rumbu, sai garuruwan Adar su fara raguwa da majiya ƙarfi. Daga Tama da ƙauyukan kwarin Majiya, daga Buza, Keita da Madawa, samari da magidanta sukan ɗaura kaya su tafi bida. Waɗansu su nufi Sakkwato, Kano ko Ikko, waɗansu su miƙe sai Abijan ko Kumasi, waɗansu kuma su fuskanci arewa. Dillalan albasa ma haka suke bin manyan motocinsu har kurmi. Dukansu akwai wurin da tilas su tsaya, watau bakin iyaka, inda ma'aikaci zai miƙa hannu ya ce a kawo takardu. Wanda ya isa wurin nan hannu wofi yana iya hasarar guzurinsa, ko a maida shi gida, ko ya kwana a tsare.

Mafarin iyaka da yarjejeniyar 1979

Kakannin mutanen Adar da Gobir ba su san iyakar da ke tsakanin Birnin Ƙwanni da Illela ba. Faransa da Ingila ne suka shata ta cikin yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906, tsawonta ya kai wajen kilomita 1,500. Bayan samun mulkin kai kowace ƙasa ta kafa dokarta game da baƙi, kuma matafiya sun ɗanɗana kuɗarsu. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Hausawa da yawa da suka tsufa a zangunan ƙasar suka bar gidaje da rumfunan kasuwa.

An kafa ƙungiyar CEDEAO a Ikko ranar 28 ga Mayu 1975. Bayan shekara huɗu, ranar 29 ga Mayu 1979, shugabanni suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a. Abin da ta ƙunsa shi ne ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga wata ba da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya mai inganci da takardar rigakafi. Wanda zai wuce kwana 90 sai ya nemi izini wurin hukumar ƙasar da ya sauka.

Wannan sharaɗi na kwana 90 shi ne mutane suka riƙa mantawa da shi. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta umurci baƙin da ba su da izinin zama su bar Najeriya cikin mako biyu. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, mafi yawansu mutanen Gana, tare da ɗimbin ƴan Nijar. A lokacin yarjejeniyar ta ba da ikon shiga kawai. Sai a 1986 aka ƙara sashen da ya shafi ikon zama, a 1990 kuma wanda ya shafi kafa sana'a. Saboda haka shiga ƙasa daban, zama cikinta daban, kowane da takardarsa.

Yadda Turawa suka yi nasu tsari

Yana da amfani mai karatu ya dubi yadda abin yake a wata nahiya, alal misali ga ɗan ƙasar Danmak. Tun 1952 ƙasashen arewacin Turai, Danmak da Suwidin da Norwe da Finlan, suka yarda ƴaƴansu su riƙa ziyartar juna ba da fasfo ba. Danmak ta shiga kasuwar tarayyar Turai a 1973. Ranar 14 ga Yuni 1985 ƙasashe biyar, Faransa, Jamus ta Yamma, Beljiyam, Holan da Lukzambur, suka ƙulla yarjejeniya a wani ƙauye mai suna Shengen don a ɗauke shingayen bincike tsakaninsu. Ta fara aiki a 1995, Danmak ta bi sahu a watan Maris na 2001, kuma a 2025 ƙasashen da ke ciki sun kai 29.

Mutumin Danmak da ya tashi zuwa Faransa ko Italiya ba ya neman biza. Amma duk da haka ba ya barin gida sai da fasfonsa, domin ɗan sanda yana da ikon ya nemi shaida a ko'ina, ga shi kuma ƙasarsa ba ta ba da katin shaida irin wanda ake tafiya waje da shi. Yana da damar zama wata uku. In zai zarce, ana iya bukatar ya yi rajista, ya nuna yana da aiki, ko yana karatu, ko yana da abin da zai riƙe kansa. Watau ƙa'idar wata ukun nan da ke kan ɗan Tama a Abijan, irinta ce ke kan ɗan Kwapanhagan a Pari.

Can ma sauƙin bai tabbata har abada ba. A watan Janairu na 2016 Danmak ta maido da binciken takardu a iyakarta da Jamus saboda kwararar ƴan gudun hijira. Ingila kuma ta fita daga Tarayyar Turai ranar 31 ga Janairu 2020, kuma daga watan Afrilu na 2025 Bature ɗan Danmak sai ya nemi izinin shiga ta intanet, ya biya kuɗi, kafin ya hau jirgi zuwa Landan. Ƙasa in ta fita daga ƙungiya, sannu a hankali dokokin ƙofarta sukan sake.

Shi kuwa ɗan Nijar mai son zuwa ƙasashen Shengen dole ne ya nemi biza. Tun watan Yuni na 2024 kuɗinta yuro 90 ne, wajen jika 59 ke nan na sefa, kuma ba a maida su ko an hana shi. Ana neman inshorar lafiya, da shaidar masauki, da shaidar kuɗin guzuri. Bizar ta ziyara ce, kwana 90 cikin kwana 180, ba ta ba da izinin aiki.

Halin da ake ciki bayan 2025

Bayan sauyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki. Kasuwannin Ƙwanni da Illela suka yi sanyi, albasa ta ruɓe cikin motoci. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, aka buɗe iyakar Najeriya a watan Maris, amma gadar Gaya da Malanbil ta daɗe rufe bayan haka. Nijar, Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES ranar 16 ga Satumba 2023, suka ba da sanarwar barin CEDEAO ranar 28 ga Janairu 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025.

Ɓangarorin biyu sun yi ƙoƙarin kada talaka ya cutu. A watan Disamba na 2024 ƙasashen AES suka bayyana cewa ƴan ƙasashen CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba da biza ba. Ita ma CEDEAO, ranar da aka rabu, ta nemi ƙasashenta 12 da su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga hannun ƴan ƙasashen uku, su kuma bar su su shiga ba da biza ba har zuwa wata sanarwa. A ran nan ne kuma aka ƙaddamar da fasfo mai tambarin AES. Mai karatu ya lura da kalmar nan ta “har zuwa wata sanarwa”: sassauci ne na wucin gadi, don haka ya kamata a tambayi hukuma kafin kowace tafiya. Nijar dai ba ta fita daga ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe takwas masu kuɗin sefa ba, wadda Kodibuwa, Benin, Togo da Senegal suke ciki.

Takardun da za a tanada

Tushen kowace takarda ita ce takardar haihuwa. Ana samunta in an kai sanarwar haihuwar yaro cibiyar rajista ta ƙauye ko ofishin magajin gari cikin wa'adin da doka ta yanke. Wanda aka haifa ba a rubuta shi ba, sai ya je gidan shari'a da shaidu, alƙali ya yi masa takarda a madadinta. Da ita ake neman takardar shaidar ɗan ƙasa a gidan shari'a, da katin dantite, sa'an nan fasfo, wanda ma'aikatar ƴan sanda mai tsaron ƙasa take bayarwa. Wajibi ne suna da shekarar haihuwa su zama iri ɗaya cikin dukan takardu. Mutumin da aka rubuta Mahamadu a wannan takarda, Mamman a waccan, ya jawo wa kansa dogon bayani a bakin shinge.

Na biyu, takardar rigakafin cutar shawara, mai launin rawaya. Ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka ba a barinta sai jajibirin tafiya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Sayen takardar ba tare da an yi allurar ba cutar kai ne.

Na uku, a bi ta ƙofar da hukuma ta sani, kamar Ƙwanni zuwa Illela ko Ɗan Isa zuwa Jibiya, a tabbata an rubuta ranar shiga. Duk kuɗin da aka biya a nemi rasit. Na huɗu, in an sauka lafiya, a je ofishin jakadancin Nijar, kamar na Abuja ko Abijan ko ƙaramin ofishin Kano, a yanki katin ƙaramin jakada. Ranar da aka yi rasuwa, ko haɗari, ko kame, da wannan kati ake gane mutum a sanar da danginsa. Yana da kyau kuma a bar hoton takardu a gida wurin iyali.

Hanyar arewa

Libiya, Aljeriya, Kamaru da Gabon ba su taɓa zama cikin CEDEAO ba, yarjejeniyar 1979 ba ta hau kansu ba. Mai son zuwa can sai ya nemi biza a ofishin jakadancinsu. Wanda ya shiga ta ɓarauniyar hanya ba shi da mai kare shi in ubangida ya cinye masa kuɗin aiki. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibi mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Daga ƙarshen 2014 kuma Aljeriya ta riƙa kwaso baƙi tana maido su ta Asamaka. A watan Nuwamba na 2023 Nijar ta soke dokar 2015 mai hukunta masu jigilar baƙin haure, amma soke ta bai taɓa dokokin Aljeriya da Libiya ba, bai kuma rage nisan da ke tsakanin rijiyoyi ba. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Aikin da ya rataya a wuyan masu karatu

Waɗanda suka ci gajiyar yaƙi da jahilci suna da babban aiki a nan. Su ne za su karanta wa maƙwabci ranar da katinsa zai mutu, su ƙidaya masa kwana 90, su duba ko an rubuta sunansa daidai. Hakimai, masu gari da limamai kuma su riƙa tuna wa iyaye ranar suna cewa a kai sunan jinjiri wurin rajista. Ma'aikatan da ke yanka takardu su ma su sauƙaƙa wa talaka, domin mutumin da ya taso daga Tama zuwa Buza ya kwana biyu bai samu sa hannu ba, yana iya fid da rai ya bi ta daji. Lokacin da ya fi dacewa a nemi takardu shi ne tun damina, kafin a kama girbi. Allah ya kiyaye matafiya, ya maido su gida lafiya.