Waya Daban, Layi Daban: Kafin Ka Jefar Da Shariharka



'Yan'uwa, tun bayan da sojoji suka koma Madani a watan Janairun 2025, mutane suka fara dawowa gidajensu, akwai abin da kusan kowane gida a Hajj Abdalla da ƙauyukan kewaye yake nema bayan abinci da magani, wato waya. Wani an ƙwace tasa, wani ya sayar ya ciyar da iyali a wurin gudun hijira, wani kuma tasa ta mutu don tsufa. Sai wata tambaya ta yawaita, musamman a bakin samari da manyan ɗalibai: mutum ya ga wayar da ransa ke so, sai aka ce masa da layin kamfani kaza take tafiya, ko ɗan'uwansa ya aiko masa da ita daga waje ta ƙi karɓar shariharsa. Shin ya bar layinsa na da ya koma wani kamfani saboda ita?

Wannan magana ta barin kamfani saboda waya asalinta ba daga nan take ba. A Amurka, lokacin da iPhone ta fara fitowa a watan Yunin 2007, kamfani ɗaya tak, AT&T, shi ke da izinin sayar da ita da layinsa. Duk mai sonta dole ya sa hannu a yarjejeniyar shekara biyu da wannan kamfani, ko da kuwa sabis ɗinsa ba ya kamawa sosai a unguwarsu. Haka aka zauna har watan Fabrairun 2011, lokacin da Verizon shi ma ya samu izini. A Ingila kamfanin O2 ne ya riƙe ta da farko. Dabarar ita ce, kamfani ya ba ka waya mai tsada da ɗan kuɗi kaɗan, ya kulle ta yadda ba za ta karɓi layin kowa ba sai nasa, sannan ya riƙa cire kuɗinsa a hankali cikin abin da kake biya duk wata. Mutanen can idan sun ce sun canja kamfani don waya, abin da suke nufi ke nan. Ingila ma daga baya ta ga abin ya yi yawa, ta hana kamfanonin layi sayar da kullalliyar waya tun daga Disambar 2021.

Mu a nan ba haka kasuwarmu take ba. Waya a shago ake sayenta, a Madani ko Sinnar ko wajen mai tebur ranar kasuwa. Layi kuma, wanda muke ce wa shariha, a wajen kamfani ake yankarsa, a riƙa zuba masa rasid gwargwadon hali. Kamfanonin uku ne. Akwai Zain, wanda ya fara aiki a 1997 da sunan Mobitel, kafin kamfanin Kuwait ya mallake shi gaba ɗaya a 2006. Akwai MTN, wanda ya shigo a 2005 da sunan Areeba. Sai Sudani na kamfanin Sudatel. Waɗanda suka ɗan manyanta za su tuna cewa Sudani da farko da wata fasaha daban ya zo, mai suna CDMA, wayoyinsa na wancan lokaci ba sa cin sharihar Mobitel, na Mobitel ma ba sa cin tasa. Ina jin daga nan ne maganar "wayar Sudani" da "wayar Zain" ta zauna a kunnen mutane. Amma wancan zamani ya wuce. Samsung ko Tecno ko Infinix ko itel da ka saya sabuwa a kwalinta, kowace shariha ka sa mata cikin ukun za ta karɓa. Mai shagon da ya ce maka sai ka sayi sabon layi a wurinsa kafin wayar ta yi aiki, ciniki biyu yake so ya yi da kai.

Inda matsala take da gaske shi ne wayoyin da ake aikowa daga waje, ko tsofaffin da 'yan kasuwa ke shigowa da su. Cikinsu akwai waɗanda har yanzu a kulle suke da kamfanin ƙasar da aka saye su. To a nan ku lura da kyau: wayar da aka kulle da kamfanin Amurka, ba Zain kaɗai za ta ƙi ba, MTN da Sudani ma za ta ƙi su. Ko ka yanki shariha goma ba abin da zai canja. Maganinta a wajen kamfanin da ya kulle ta yake, kuma yawanci ba ya buɗewa sai an gama biyan kuɗinta. Saboda haka wanda zai aiko maka, roƙe shi ya sa a buɗe ta tun tana hannunsa. Akwai kuma wani tarko sabo. Tun daga iPhone 14 da ta fito a 2022, waɗanda ake sayarwa a cikin Amurka ba su da ramin shariha sam, sai layin da ake saukarwa a cikin wayar, wanda ake kira eSIM. Wanda aka yi wa alkawarin irin wannan, ya fara zuwa ofishin kamfaninsa ya ji ko za su mayar masa da lambarsa ta wannan hanya, tun kafin wayar ta baro can.

Gwajin kuwa ba wuya. Cire shariharka, sa a wayar a gaban mai sayarwa, kira wani, buɗe intanet. In ta yi, ta yi.

Yanzu mu zo kan lamba, don ita ce abin da mutane ke rainawa. Waya kaya ce, in ta faɗi a tur'a gobe ana iya samun wata. Lambar da ka shekara goma da ita kuwa, ita ce adireshinka. Ita ke hannun ƙanwarka da ke aure a Maiurno, da ɗanka da ke aiki a Jidda, da dangin da ke Kano ko Sakkwato waɗanda sai shekara-shekara ake gaisawa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya warwatsa iyalai, wasu Gadarif, wasu Kasala, wasu sun ƙetare iyaka. Har yau akwai masu neman 'yan'uwansu, kuma abin da ke hannunsu kawai tsohuwar lamba ce da suka haddace ko suka rubuta a bangon littafi. Wanda ya jefar da shariharsa don sabuwar waya, ya rufe wannan ƙofa bai sani ba.

Sannan ga kuɗi. Kowa ya san yadda Bankak na Bankin Khartum ya zama aljihun mutane, musamman bayan canjin takardun jinai 500 da 1000 da aka fara a Disambar 2024, wanda ya tilasta wa mutane da yawa buɗe asusu. Mai shago ish'ar yake jira ya gani, mai mota haka, mai sayen dawa da gyaɗa haka. Asusun nan da lambarka aka ɗaure shi. Ranar da ka sa manhajar a sabuwar waya, lambobin tabbatarwa ta saƙo za su zo, kuma tsohon layin za su je. WhatsApp ma haka yake yi. In layin ba ya hannunka, sai tafiya reshen banki da takardun shaida da dogon layi, kuɗinka na ciki kana kallo ba ka iya taɓawa. Abin da ya fi wannan muni, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani. Daga ranar, saƙon bankinka da kiran danginka wajen baƙo za su riƙa zuwa. In mai tsoron Allah ne ya ce an yi kuskuren lamba. In ba shi ba ne, ya amsa da sunanka ya ce a turo masa kuɗin magani.

A Nijeriya tun watan Afrilun 2013 mutum yana iya ƙaura daga kamfani zuwa kamfani da lambarsa, shi ya sa za ka ji ɗan'uwa daga can yana cewa ai canja layi ba komai ba ne. Kai dai kada ka ɗauki maganarsa ka yi aiki da ita sai ka ji daga ofishin kamfaninka. Sharihar da ka yanka sabuwa, sabuwar lamba ce.

Ba ana cewa kada a taɓa canja kamfani ba ne. Dalilin canjawa shi ne shabaka. In layinka sai ka hau kan gini ko ka fita bakin titin Sinnar kafin ya kama, alhali na maƙwabcinka yana kamawa har cikin ɗaki da cikin hawasha, ai kana da hujja. Wannan kuwa ba talla ke faɗa maka ba, maƙwabta ke faɗa maka, don ƙauyuka biyu da ke kallon juna ma sai ka ga kamfanin da ya fi ƙarfi a wannan ba shi ne a wancan ba. A ganina ma wanda ya ga abin da ya faru a Fabrairun 2024 bai kamata ya dogara da kamfani ɗaya ba. Cikin 'yan kwanaki duka ukun suka ɗauke. Da suka fara dawowa ba tare suka dawo ba, Sudani ya riga, Zain ya biyo baya, Jazira kuwa ta daɗe a duhu, mutane na biyan kuɗin awa a wuraren Starlink don su ji muryar nasu. Yawancin wayoyin kasuwarmu ramin shariha biyu gare su. Ƙara layi na biyu, ka bar na farko a inda yake.

Akwai wurare biyu da maganar ta taɓa hukunci, kuma ɗalibai sun fi tambaya a kansu. Na farko sayen waya biya kaɗan-kaɗan. Jumhurun malamai sun halatta a sayar da kaya bashi da farashin da ya fi na hannu, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990. Sharaɗin shi ne a rabu a kan farashi ɗaya sananne da lokaci sananne. A ce waya ɗari ce a hannu, ɗari da talatin zuwa wata shida, kuka tsaya a kan na biyun, ciniki ya yi. Amma in aka ce duk watan da ka makara za a ƙara maka biyar, wannan ƙari a kan bashi ne, riba ce, ko da wane suna aka kira ta. Da yadda jinai ke faɗuwa, masu sayarwa da yawa suna son saka wannan sharaɗi, wani ma ba ya faɗa sai an makara. A tambaya tun farko, a rubuta, a sa shaidu.

Na biyu ya fi nauyi a wannan lokaci. An wawashe gidaje da shaguna a Jazira ba adadi, kuma kayan ba su ɓace ba, kasuwa suka shiga. Waya mai tsada da aka yi mata farashin banza, ba kwali, ba takarda, mai ita yana sauri, kowa ya san abin da wannan ke nufi. Wanda ya sani ko ya yi zato mai ƙarfi cewa kayan ƙwace ne, bai halatta ya saya ba. Wanda ya saya bai sani ba kuma, ɗaliban da suka kai babin istihƙaƙi a fiƙihun Malikiyya sun san hukuncin: in mai kaya ya zo da hujja zai karɓi abinsa, shi kuma mai saye ya bi wanda ya sayar masa, in ya gan shi. Kafin ka biya, danna *#06#, lambar wayar mai alƙaluma 15 za ta fito, ka gwada da wadda ke jikin kwali. Ka sa mai sayarwa ya fita daga asusunsa na Google ko iCloud a gabanka, ya goge wayar, ta tashi sabuwa. In ta tashi tana neman asusun wani mutum da mai sayarwa bai san kalmar sirrinsa ba, mayar masa da abarsa.

Wanda kuma ya auna ya ga lallai sai ya koma wani kamfani, to ya bi abin a jere, tsohuwar shariha tana raye a hannunsa. Ya fara da banki, a mayar da asusun kan sabuwar lamba, ya gwada tura ɗan kuɗi kaɗan ya ga saƙo ya zo. Sannan WhatsApp, akwai wurin canja lamba a cikin saitinsa wanda ke kwashe ƙungiyoyi ya kuma sanar da mutane. Sannan ya kira dattawan dangi ɗaya bayan ɗaya, don su ba sa duba saƙo, wasu ma jikoki ke riƙe musu lambobi. Tsohuwar sharihar kuma a sa ta a ƙaramar waya mai madanni a ajiye a gida, a riƙa zuba mata ɗan rasid ana kira da ita lokaci-lokaci, don kada kamfani ya ɗauka an yar da ita.

Wassalamu alaikum.