Ciwon Sukari: Magani Yana Farawa Daga Rumbu

'Yan'uwa manoma, a dā mukan ce ciwon sukari na masu kuɗin birni ne. Yanzu kuwa ya shigo ƙauye. A cikin ƙungiyoyinmu muna ganin mutum yana yawan fitsari da dare, ƙishirwa ba ta barinsa, yana ta ramewa, ɗan rauni a ƙafa ya zama gyambo. In aka auna jininsa a asibiti da safe kafin ya ci kome, aka sami 126 ko fiye har sau 2, to, ciwon ne. In aka ƙyale shi yakan taɓa ido da ƙoda, har ya kai ga yanke ƙafa.

Mene ne dalili? Tuwo da doya da rogo duk sukan zama sukari a cikin jini. Jiki yana yin wani ruwa, insulin, mai shigar da sukarin inda za a more shi. In ruwan ya kasa, ko jiki ya daina jinsa, sai sukari ya taru.

Ga inda muke kuskure. Da kaka mukan sayar da wake da gyaɗa, mu sayo farar shinkafa da burodi da lemon kwalba. Kwalba ɗaya kuwa tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 8.

Sai mai ciwon ya raba kwanonsa kashi 4. Kashi 2 ganye: zogale, rama, alayyafo, kuɓewa. Kashi 1 wake ko kifi ko ƙwai. Kashi 1 kaɗai tuwo, na dawa ko gero wanda ba a surfe shi sarai ba. Acca tana da kyau, amma ba magani ba ce, ita ma a auna. Zuma kuwa sukari ce. Kunu da shayi a sha su haka nan.

Wanda likita ya ba magani kada ya daina. Kada kuma ya sha ya tafi gona da yunwa, gama sukari yakan faɗi, jiki ya kama rawa da gumi. Ya riƙe dabino a aljihu saboda haka.

Wannan ba aikin damina ɗaya ba ne, na dukan rai ne. Bari kowace ƙungiya ta yi lambun rani, mata su shanya ganye, kowane gida ya bar wake a rumbu kafin a kai kasuwa. Allah shi ba mu lafiya.