Kafin ki sayi igiyar jona salula da lasifika

Daga Cadakori zuwa kasuwar Maraɗi tafiya ce, kuɗin mota kuwa ba ya dawowa. Don haka mai son jona salula ko kwamfuta da amfilifayar gida, ya kula.

Waƙa ko wa'azin da ke cikin salula lambobi ne kawai, sai wata ƴar na'ura mai suna DAC ta mayar da su sauti. Tun 2016 da Apple ya cire ramin abin kunne daga iPhone 7, kamfanoni da dama suka bi sahu. Galibin irin waɗannan salula sai da igiyar USB-C mai DAC a ciki, in babu, shiru kake ji.

Hajiya, tafi da salularki, a gwada a gabanki kafin ki biya. Ki rage murya kafin jonawa, kada lasifika ta lalace.