Ganuwar Kano da Kududdufanta

Shirinmu na musamman na yau ya yada zango ne a birnin Dabo, a gindin ganuwa.

Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Ƙofar Ɗan Agundi, ya wuce Na'isa da Gadon Ƙaya har zuwa Ƙofar Famfo, zai ga abin da ya rage mana. Nan tudun jar ƙasa ne da ruwan sama ya zaizaye, can an yanke shi an jera shaguna, gaba kaɗan kuma bola ce ta tasam ma tsayinsa, ledoji na kaɗawa a jiki, awaki na hawa suna sauka. Wannan tudu fa shi ne ganuwar da Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ya aza harsashinta. Sarki Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi da gidan sarautar da ake zaune a ciki har gobe. Da sojojin Turawa suka zo a 1903, sai da suka haɗa da igwa kafin su sami shiga.

To amma masu sauraro, akwai abin da ba a cika ambata ba idan ana kukan ganuwa, wato kududdufai. Ƙasar da aka gina ganuwa da soraye da zauruka, daga cikin birnin aka haƙo ta. Ramukan da aka bari su ne suka zama kududdufan unguwanni, su ne kuma ke shanye ruwan damina kafin sauran ya gangara Jakara. Yau sai a cike kududdufi da shara, a daddale, a yanka filaye, a ɗora bene. Ranar da aka tafka ruwa kuwa, ba shi da wurin zuwa sai lunguna. Ya kwanta a gindin katangar ƙasa, ta jiƙe ta zube, sannan a ce ai laifin ginin ƙasa ne. Ba laifinsa ba ne. An toshe wa ruwa makwancinsa ne.

Babu mai cewa gari ya tsaya cik. Jama'a sun yi yawa, motar asibiti na bukatar hanya, matasa na neman wurin sana'a. Sai dai a 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da sabon gini. Da an so, da an bar tsohuwar a tsaye, titi ya ratsa ta gefenta. Ƙofar siminti, komai kyan fentinta, ba ita ce wadda kakanninmu suka bi da jakunansu ba.

Tun 2007 sunan ganuwar Kano yake cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO, har yanzu bai shiga babban kundin kayan tarihin duniya ba. Agadas ta Jamhuriyar Nijar kuwa ta shiga a 2013, da hasumiyar masallacinta ta ƙasa zalla mai tsayin mita 27, wadda magina ke hawa suna sabunta mata yaɓe. Can abin da aka riƙe shi ne unguwannin baki ɗaya da mutanen cikinsu. Haka ma hukumar ta ba da shawara a 2011, cewa a riƙa duban tsohon birni dunƙule: gini da fili da magudanar ruwa da sana'a. A Kano, wannan na nufin Dala da Goron Dutse, da marinar Ƙofar Mata, da maginin da ya san kwaɓin tubali da shafen makuba da jeren azara. Irin waɗannan magina suna ta tsufa, almajiransu kuma ba su da yawa.

Don haka muna kira ga hukumomi da su shata iyakar abin da ya rage na badala, a daina yanka fili a kanta, a ƙidaya kududdufan da suka tsira a hana cike su. Iyayenmu masu unguwanni da dagatai, ku ne kuka san wanda ke zuwa da tifa cikin dare. Kai kuma mai sauraro da ke zaune a cikin birni, idan ka ga an fara jibge shara a kududdufin unguwarku, ka sanar da mai unguwa tun kafin a kafa turaku.