Nonon Bazara Tun Kaka Ake Tanadinsa

Da wuya a shiga gidan manomi a ƙasar Gangara, ko a maƙwabtanta na Gazawa da Agye har zuwa Gidan Rumji, a rasa turke, ko na saniya guda da ɗan maraƙinta, ko na awakin uwargida. Kuma galibin masu waɗannan dabbobi, idan aka tambaye su dalilin da ya sa nono yake yawa a watan Agusta har a rasa mai saye, sa'an nan ya ƙafe ƙaf a watan Afrilu har a koma dama garin madarar da aka yi safararsa daga Turai, sai su ce ai haka Allah ya tsara shekara. Haƙiƙa damina da rani hukuncin Ubangiji ne, babu mai jayayya da wannan. Amma akwai wani kaso na wannan ƙafewa wanda hannunmu ne ya jawo shi, kuma a kansa nake so mu yi nazari, gama tawakkali ba ya sauke wa bawa wajibcin riƙon sababi.

Asalin mas'alar shi ne ƙasa ta cika. Kakanninmu sun yi kiwo a zamanin da gona take hutawa shekara da shekaru ta zama saura, dabba ta fita da safe ta ƙoshi a bayan gari ba tare da mai ita ya kashe ko dala ba. Amma a yau kudancin jihar Maraɗi yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a duk Nijar, gona ta haɗe da gona, rabon gado ya daddatsa filaye, ɗan abin da ya rage na wurin kiwo da burtali kuwa garmani ya mamaye shi, ciyawar da saniya ba ta taɓawa sai don dole, wadda kuma take hana ta kirki tsirowa. Ruwan sama a wannan yanki yakan tsaya tsakanin milimita 400 da 600 a shekara, kuma cikin wata uku ko huɗu yake zuba ya ɗauke. Natijar haka ita ce, abincin saniyar gida na wata takwas daga gonar maigida zai fito, wato kara da harawa da ƙowa da dusa da ƴaƴan itatuwa. In kuwa bai fito daga can ba, to daga aljihunsa zai fito.

Saboda haka nake ganin babu hasarar da ta kai ta harawa, ko da yake ba a cika lissafa ta ba. Da zarar an gama roron wake da cirar gyaɗa, sai ƴan kasuwa su shigo ƙauyuka da amalanke da motoci, su saye dammunan harawa da araha, a daidai lokacin da manomi yake cikin matsin bashin damina da hidimar biki, su kai wa masu turkar raguna a birni. In bazara ta kama, saniya ta fara tashi da ƙyar, sai ka ga mutumin nan da ya sayar ya koma kasuwa yana neman dami guda da ninkin abin da ya karɓa. Wanda ma bai sayar ba, sau da yawa wajen ajiya yake cutar kansa. Dubi harawar da aka jibga a reshen itace ko a kan rufin ɗaki, rana tana dukanta tun Nuwamba har Maris: za ka tarar ta yi fari fat, ganyen ya kakkaɓe ya bi iska, sai tsinke ya rage, alhali kuwa albarkar harawa a ganyenta take. Wadda aka tuge da sauran ɗanyenta, aka shanya ƴan kwanaki, aka naɗe da sanyin safiya kafin ganye ya yi ƙaras, aka sa a rumbu ko ƙarƙashin rumfa mai rufi, aka ɗaga ta daga ƙasa saboda gara, tana nan da korenta har faɗuwar ruwa, kuma a ƙwaryar tatsa ake ganin bambancin.

Haka nan kara. In an zube shi dogo-dogo, saniya ta ci ganye ta tattake saura; in an daddatsa shi ƙanana, an yayyafa masa ruwan kanwa ko gishiri, an barbaɗa dusa, kusan duka take cinyewa. Sai dai a nan akwai haddin da bai kamata a ƙetare ba, domin ƙasarmu jigawa ce, kuma gonar da aka share ƙarƙaf ba a bar mata ko karan da zai tare iska ba, hunturu da guguwar bazara za su kwashe samanta su bar rairayi. A bar mata wani kaso a kwance, abin da aka ɗauko kuma a mayar mata da shi taki: kashin turke da ragowar kara a tara su a rami, a riƙa jiƙa su har su ruɓe, a kai gona kafin shuka.

Sa'an nan ga gawo, wanda Allah ya halitta da wata hikima da ta saɓa wa sauran itatuwa, gama yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, sa'an nan ya yi kore da rani, ya zubo da ƴaƴa a daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Ganyensa da kashin dabbobin da suke hutawa a inuwarsa su ne suke sa geron gindin gawo ya fi na sarari. Masu tarihi sun ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun kafa hukunci mai tsanani a kan mai sare shi, kuma ba a banza suka yi haka ba. Bayan farin 1973 gonakin Maraɗi sun yi ta zama tsirara, har a 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙasa, kuma in an zaɓi tofo kaɗan masu ƙarfi aka bar su, aka datse saura, itace zai tashi ba dashe ba ban ruwa. Wannan shi ne sassabin zamani, wanda ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a kansa, inda jama'a suka kafa kwamitin tsaron itatuwa da maza da mata da makiyaya a ciki. Masu bincike kuwa sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya, da itatuwa wajen miliyan 200. Mai saniyar tatsa ya fi kowa cin moriyar wannan, domin gawo da kalgo da aduwa da magarya rumbu ne a tsaye. Illa iyaka ya kiyayi sassare rassan gawo gaba ɗaya don ganyen yini biyu, gama itacen da aka yi wa haka yakan daɗe bai sake ba da ƴaƴan kirki ba.

Game da yawan dabbobi, na san maganata ba za ta yi wa wasu daɗi ba, tunda mun saba ƙidaya arziki da kawuna. Saniya biyu ƙosassu sun fi biyar ramammu nono, suna kuma haihuwa a kan kari, ita kuwa ramammiya takan daɗe ba ta ɗauki ciki ba. Waɗanda suka ga yunwar 2010 sun ga yadda aka yi ta sayar wa mahauta shanun da suka kasa tashi a wulaƙance. Tsohuwa da juya a sayar da su da kaka suna da ƙiba, kuɗin a sayi dusa tun tana da rahusa. Gidan da gonarsa ba ta iya ɗaukar saniya kuwa, jar akuyar Maraɗi ta ishe shi, wadda hukuma ta kafa wa cibiya ta musamman tun 1963. Tana yawan haifar tagwaye, nononta kuma ya ishi kunun yara.

Wajen tatsa a tuna maraƙi yana da haƙƙi. Dakashi nasa ne tun sa'o'in farko, domin a cikinsa yake samun kariya daga cuta, kuma mai tatsewa ƙarƙaf har ya bar shi yana tsotson hantsar da babu kome a ciki, karsanar gobe yake tsumburewa. A wanke hannu da hantsa da ƙwarya, a tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da kindirmo, saboda tarin fuka da bakkale, ciwon da yake sa saniya ɓari, suna ratsowa zuwa ga ɗan Adam ta ɗanyen nono. Saniyar da aka yi wa allurar magani kada a sha nononta ko a kai shi kasuwa sai kwanakin da likitan dabbobi ya faɗa sun cika. Sayar da shi a haka algus ne, daidai da ƙara masa ruwa, kuma hukuncin algus a shari'a sananne ne. Leda kuwa, a tambayi mahauta abin da suke tsinta in sun farka tumbin saniyar gari: dunƙulen leda baƙi ƙirin, a murɗe, ya cika gurbin abinci, dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen maganin tsutsa.

Saura maganar makiyaya. A da manomi ne yake roƙon Bafillace ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, a yi musayar hatsi da nono. Da kara ya zama kuɗi, burtali kuma ya shige cikin gonaki, sai wannan zumunci ya raunana, kuma rikicin manoma da makiyaya da ya faru a Toda a 1991, inda aka hallaka mutum sama da ɗari, ya isa wa'azi ga duk jihar. Dokar karkara ta 1993 da dokokin da suka biyo bayanta sun tanadi kwamitocin filaye tun daga gunduma har ƙauye, waɗanda aikinsu ne shata burtali da wuraren kiwo da rubuta yarjejeniya. Wanda yake son garke ya sauka a gonarsa, ko wanda aka yi wa ɓarna, ya je wurin maigari da wannan kwamiti tun hatsi yana tsaye, a yanke ranar sakin gonaki da sanin kowa, a rubuta a gaban shaidu.