Ɗingishin Doki da Allurar Zamani: Me Ya Kamata Bargojin Zamfara Su Fara Nema?

Daga cikin cututtukan da ke kwantar da dokin hawa, babu mai cin ran maidoki kamar raunin jijiyar ƙafa da ya ƙi warkewa. Doki yana cin harawa da dusa lafiya, gashinsa yana sheƙi, amma da an ɗaura sirdi an ɗan taɓa sukuwa sai ɗingishi ya dawo. Yawanci laifin yana ga jijiyar da ta taso daga ƙasan gwiwa ta bi bayan ƙashin ƙwauri, ta rabu biyu ta riƙe gaɓar da ke saman kofato don kada ta taɓa ƙasa idan nauyi ya sauka a kanta. Shekara 20 da 'yan kai ke nan likitocin dabbobi a Turai da Amurka suka karkata ga magungunan da ke sa jijiyar ta sake gina kanta, kuma labarinsu ya iso kunnen masu dawakin folo da na sarauta a Arewa. Magungunan na gaskiya ne, amma a Gusau da Tsafe da Bunguɗu ba za su tsinana komai ba muddin ba a riga an samu abu biyu ba: gano ainihin ciwon, da ba doki dogon hutu.

Dalilin da ya haifar da wannan sabon salo yana cikin halittar jijiyar kanta. Jini kaɗan ne ke ratsa ta, don haka idan zarenta ya yage, jiki yakan cike gurbin da tabo mai tauri wanda ba ya miƙewa kamar na asali. Kamar igiyar guga ce da ta tsinke aka ƙulla: za ta ɗebo ruwa, amma a gefen ƙullin za ta sake tsinkewa. A shekarar 1994, likita Sue Dyson ta Ingila ta ba da rahoton dawaki 42 masu wannan ciwo a ƙafar baya, inda kashi 14 cikin 100 kawai suka koma cikakken aiki. Wannan rashin nasara ne ya tura masu bincike neman wata hanya. Ɗaya ita ce a ɗebi jinin dokin, a juya shi a na'ura har a ware sashen da ke ɗauke da ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda ke fitar da sinadaran gyaran rauni, a mayar cikin jijiyar da allura. Wannan ake kira PRP. Ɗayar kuma ita ce a zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙirji, a raini ƙwayoyin halittar asali da ke cikinsa na 'yan makonni a ɗakin gwaji, sannan a zuba su a wurin raunin. Roger Smith da abokan aikinsa na kwalejin likitancin dabbobi ta Landan ne suka wallafa gwajin wannan a 2003, kuma a 2022 Tarayyar Turai ta amince da RenuTend, allurar irin waɗannan ƙwayoyi da ake sayarwa a shirye.

Sakamakon yana da ƙarfafa gwiwa, sai dai yana son a karanta shi da natsuwa. Wani nazari na 2012 a kan dawakin tsere 141 da aka yi wa allurar ƙwayoyin ɓargo ya nuna kusan kashi 27 cikin 100 na waɗanda aka bi diddiginsu ne ciwonsu ya dawo, alhali a bayanan baya na dawakin tseren tsallake shinge adadin ya haura rabi. Amma wannan a kan agarar da ke sama-sama a bayan ƙwauri ne, ba jijiyar da muke magana a kanta ba, kuma an kwatanta ne da tsofaffin alƙaluma, ba da wasu dawakin da aka jinya lokaci ɗaya ba. Abu mafi muhimmanci shi ne kowane doki a cikinsu an ɗauki hoton jijiyarsa da na'urar sikanin kafin allura, sannan ya bi tsarin motsa jiki na kusan shekara guda, daga tafiya a hannu zuwa sassarfa kafin sukuwa. Allurar ba ta gajarta jinya. Ingancin abin da ya warke take ƙarawa. Tsohon ciwo kuwa, wanda tabo ya riga ya cika, ya fi sabon rauni wuyar karɓar magani.

A nan ne al'adar bargarmu ta ci karo da sharaɗin maganin. Dokin Sarkin Katsinan Gusau, ko na 'Yandoton Tsafe, ko na wani hakimi a ƙasar Bunguɗu, yana da ranakun da ake jiransa. Tsakanin ƙaramar salla da babba kusan kwana 70 ne kacal, ga hawan angonci da na naɗin sarauta. Doki yakan shafe makonni a turke ba kilisa, rana ɗaya a ɗora masa kaya masu nauyi da mahayi, a sake shi a guje kan ƙasa mai tauri ko kwalta, a ja linzami ya yi zamiya a gaban sarki. Idan aka haɗa da kofaton da aka bari ya yi tsawo, an tara duk abin da ke yaga jijiya. In ya fara ɗingishi kuma, sai a nemo allurar kashe zafi daga shagon magani, ciwo ya ɓuya, a koma hawa. Duk wanda ya ɗora allura mai tsada a kan wannan tsari ya zubar da kuɗinsa, kuma illar da ake tsoro ita ce a mayar da sunan sabon maganin hujjar hanzarta hawa.

Za a ce iyayenmu sun yi lalas da ƙarfe mai zafi, dawaki sun tashi. Gaskiya ne wasu sun tashi, kuma Turawa ma sun daɗe suna yin irinsa, har binciken jami'ar Bristol na 1983 ya nuna wutar ba ta ƙara wa jijiya lafiya. Abin da ke warkarwa shi ne hutun dole da ƙunar ke jawowa, kuma ana iya ba da hutu ba tare da azabtar da dabba ba. Za a kuma ce a jihar da 'yan bindiga suka raba mutane da gonaki da shanu, maganar jijiyar doki almubazzaranci ce. Wannan ƙorafi yana da nauyi, shi ya sa ba a neman gwamnati ta gina ɗakin rainon ƙwayoyin halitta a Gusau. Amma a bayan kowane doki akwai ɗan barga da mai yankan ciyawa da baduku da maƙeri, kuma na'urar sikanin da za ta duba jijiyar doki ita ce za ta duba cikin saniyar makiyayi a Rawayya. Yanzu dai asibitocin koyarwa na dabbobi mafi kusa su ne na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kowanne tafiyar kusan kilomita 200 daga Gusau, nisan da ke sa mutum ya haƙura da bin likita.

Saboda haka tsarin da ya dace a bayyane yake. Masarautu su sa dokar kilisa ta yau da kullum da gyaran kofato a kan kari, kuma su hana hawan doki mai ɗingishi ko da ranar salla ce. Ma'aikatar da ke kula da lafiyar dabbobi ta samar da na'urar sikanin ta tafi-da-gidanka da likitan da ya iya karanta ta. Bayan waɗannan sai PRP, wanda jinin dokin ne da kansa, ba ya bukatar rainon makonni ko jigila cikin sanyi daga waje. Maidokin da ba zai iya haƙurin wata tara zuwa shekara ba, kada ya sayi allurar. Wanda zai iya kuwa, ya riga ya yi rabin maganin.