Tsibiran Kogin Wudil da Halittun da ke Cikinsu

In an ce "tsibiri" a aji, yawancin ɗalibai sai hankalinsu ya tafi teku, ga irin su Zanzibar da Madagaska, gama a littafi kaɗai suka san kalmar. Alhali kuwa ga tsibirai nan kusa da mu. Kogin Kano da na Chalawa suna haɗuwa su gangara Wudil, sa'an nan ruwan ya bi ta gefen ƙasar Ajingi, arewa da Gaya, ya nufi Ringim da Haɗejiya. Da damina, in kogin ya cika ya malala cikin fadama, sai ya kewaye tuddai ya raba su da gaci. To, waɗannan tuddai su ne tsibiranmu, sai dai na ɗan lokaci ne: da rani ruwa ya janye, mutum ya taka da ƙafa ya je. Mutanen Yawuri suna da wata kalma, watau "gungu", daga ita aka sami sunan Gungawa, mazauna tsibiran Kwara, waɗanda aka tashi da yawansu sa'ad da aka datse kogin a Kainji cikin 1968.

Abin da ya fi ƙawata irin wuraren nan shi ne tsuntsaye. Akwai zalɓe da balbela da jinjimi, akwai dinya da kirinjijiya. Shamuwa kuwa baƙuwa ce. Takan iso gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa, ta ƙyanƙyashe, in kaka ta yi ta koma kudancin Afirka. Tafiyarta ke da wuya sai waɗansu baƙin su sauka daga Turai, sun ƙetare Sahara suna gudun sanyi.

Amma a ganina babu halittar da ta dace da wannan ƙasa kamar gaiwa. Kifi ce, amma tana da huhu. In ruwa ya fara ƙafewa sai ta nutse cikin taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta har ya bushe ya zama kamar kube, ta bar 'yar ƙofa ta shan iska, ta kwanta wata da watanni ba ci ba sha. Hausawa kan ce gaiwa jikinta take ci, kuma ba su yi kuskure ba, don masana sun tabbatar da naman jikinta take rayuwa har ruwa ya komo. Ɗalibin da ya san wannan ya fahimci maganar sarai. Wanda bai sani ba haddace ta kawai zai yi.

Sai dai fa malalar da ke yin tsibiran ta ragu. An gama madatsar Tiga cikin 1974, ta Chalawa kuma cikin 1992, suka riƙe ruwan damina suna sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Can ƙasa, wajen Haɗejiya da Nguru, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Gauraka, wadda dā ake ganinta garke-garke a fadamun Arewa, yau da ƙyar ake cin karo da ita. Saboda haka malamin da zai koyar da sunayen nan, gara ya kai ɗalibansa wurin masunta da tsofaffin mafarauta na bakin kogi, su rubuta kowane suna yadda aka furta shi, da karin sautinsa, tare da bayanin kamannin mai sunan.